Ƙa'idojin Kiran Intanet da Kwararar Sauti a Wayar Salula: Yadda Suke Aiki da Tasirinsu a Kan Nazarin Furucin Hausa

1.0 Gabatarwa

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, duk manazarcin harshe da ke son tattara bayanai daga bakin masu harshe, tilas ne ya rataya rikoda, ya tanadi kaset da batir, ya kama hanya. A yau lamarin ya sauya. Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, sannan aka samu intanet a cikin wayar, ɗalibai da malamai da dama sun koma tattara bayanai ta hanyar kira, ko saƙon murya, ko kuma sauko da hirarraki daga YouTube da Facebook. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, kuma tsadar sufuri da matsalar tsaro a wasu hanyoyi sun sa ta zauna daram.

Mai wannan maƙala, da yake aiki ya kai shi wata jami'a da ke nesa da ƙasar Hausa, ya sha duba kundayen ɗalibai waɗanda suka auna tsawon wasali ko karin sauti daga muryar da aka naɗa ta waya, ba tare da sun faɗi hakan ba a babin hanyoyin bincike. Abin tambaya a nan shi ne: shin muryar da ta fito daga wayar mai sauraro ita ce ainihin wadda ta shiga wayar mai magana? Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ƙa'idojin da ke ɗaukar murya a intanet, da nuna abin da suke kiyayewa da abin da suke zubarwa, sannan a fito da abin da hakan ke nufi ga mai nazarin tsarin sautin Hausa da sauran harsunan Nijeriya.

2.0 Daga Murya Zuwa Lambobi

Sautin magana kaɗawar iska ne. Ana auna yawan wannan kaɗawa a cikin sakan ɗaya da ma'aunin da ake kira haz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga wajen haz 20 zuwa haz 20,000. Makirufon waya yana mayar da kaɗawar iskar zuwa lantarki, sannan wata 'yar na'ura ta riƙa auna ƙarfin lantarkin sau dubbai a kowane sakan, tana rubuta kowane awo da lambobi. Ƙa'idar lissafi da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon ta nuna cewa, idan aka yi awo sau wani adadi a sakan, sautin da za a iya kamawa ba zai wuce rabin wannan adadi ba.

Alal misali, tsarin G.711 da hukumar sadarwa ta duniya ta amince da shi a 1972 yana yin awo sau 8,000 a sakan, kowane awo da bit 8, wato bit 64,000 ke nan a sakan. Saboda haka ba zai iya ɗaukar sautin da ya wuce haz 4,000 ba. A aikace ma, tarho na gargajiya yana ɗaukar abin da ke tsakanin haz 300 da haz 3,400 ne kawai. Injiniyoyi sun zaɓi wannan iyaka ne domin ta isa a fahimci magana, ba domin ta ƙunshi duk abin da ke cikin magana ba. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk bayanan da za su biyo baya.

3.0 Hanyoyi Biyu na Isar da Murya

A tsohon tsari, wanda kiran 2G da 3G ke bi, idan mutum ya buga waya sai a keɓe masa layi daga farkon kira har ƙarshensa, ko yana magana ko ya yi shiru. Ana iya kwatanta wannan da ɗaukar shatar mota: motar taka ce kai kaɗai har ka isa, kuma kuɗin da za ka biya ya danganta da tsawon lokacin da ka riƙe ta. Dalili ke nan da ya sa ake cajin irin wannan kira da sakan ko minti.

A tsarin intanet kuwa ba a keɓe wa kowa layi. Ana daddatsa bayani ne zuwa ƙananan ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshin mai aikawa da na mai karɓa, a sake shi ya bi duk hanyar da ta samu. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ya rarraba kayansa a motocin haya daban-daban daga tasha ɗaya: wani ƙunshin zai riga wani isa, wani zai makara, wani ma zai ɓace a hanya. Wannan tsari ya fi arha nesa ba kusa ba, domin mutane da yawa suna tarayya a kan hanya ɗaya, amma ba ya yi wa kowa alkawarin isowa a kan kari. An fara gwajin tura murya ta wannan hanya a Amurka a cikin shekarun 1970, a 1995 kamfanin VocalTec ya fito da manhajar kira ta intanet don sayarwa, Skype ya biyo baya a 2003 (an rufe shi a 2025), WhatsApp kuwa ya fara saƙon murya a 2013, kiran murya a 2015, da kiran bidiyo a 2016.

4.0 Ƙa'idojin Kira ta Intanet

Abin da ake nufi da ƙa'idar sadarwa shi ne yarjejeniyar da na'urori biyu ke bi domin su fahimci juna: wa zai fara, me zai ce, da wane tsari, kuma yaya za a amsa masa. Masanin harshe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin gaisuwar Bahaushe ma tana da irin wannan tsari, daga sallama zuwa amsa ta, zuwa tambayar kwana da gajiya, kafin a shiga maganar da ta kawo mutum. Yawancin waɗannan ƙa'idoji wata ƙungiyar injiniyoyi ta duniya mai suna IETF ce ke tsara su, tana buga su cikin jerin takardu masu lamba.

4.1 Ƙa'idojin Jigila

Ƙa'idar IP ta 1981 ita ce ke kula da adireshi da kai ƙunshi inda aka nufa. A kanta akwai ƙa'idoji biyu na jigila. Ta farko, TCP, tana tabbatar da cewa kowane ƙunshi ya isa. Idan ɗaya ya ɓace sai a tsaya a sake aiko shi. Ta biyu, UDP, tana aikawa ne kawai ba ta waiwaye. A kallon farko mutum zai ɗauka ta farkon ce ta dace da kira, amma ba haka abin yake ba. Gaɓar kalmar da ta iso bayan an riga an wuce wurinta ba ta da sauran amfani, kuma jiran ta zai tsayar da duk abin da ke bayanta. Don haka kiran intanet ya fi dogara da UDP: gara a yi asarar ɗan guntun sauti da a tsayar da zance gaba ɗaya.

4.2 Ƙa'idar Ƙulla Kira

Kafin murya ta fara tafiya, sai an nemo wanda ake kira, an sa wayarsa ta yi ƙara, an kuma daidaita a kan irin tsarin sautin da wayoyin biyu za su yi amfani da shi. Sanannar ƙa'ida a wannan fanni ita ce SIP, wadda aka fara bugawa a 1999, aka sake fasalinta a 2002. Wayar mai kira tana tura saƙon gayyata, tare da jerin tsare-tsaren sautin da ta iya. Ɗaya ɓangaren yana amsawa da lambobi: 180 na nufin waya tana ƙara, 200 na nufin an ɗauka, 486 na nufin mai wayar yana kan wani kiran, 404 kuwa na nufin ba a sami mai wannan adireshi ba. Idan an gama, sai ɗayansu ya tura saƙon ban kwana. Ya kamata a lura cewa SIP ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Aikinta irin na ɗan aike ne da ke haɗa mutum biyu ya koma gefe.

Tsarin 4G ba shi da layin shata irin na da. Saboda haka kiran lamba a kansa ko dai ya bi ta tsarin da ake kira VoLTE, wanda ke amfani da SIP, ko kuma wayar ta koma 3G ko 2G har a gama kiran. Manhajoji irin su WhatsApp suna da nasu salon ƙulla kira, amma matakan iri ɗaya ne.

4.3 Ƙa'idar Ɗaukar Murya

Muryar kanta ƙa'idar RTP ce ke ɗauke da ita, wadda aka buga a 1996, aka sabunta a 2003. Akasari kowane ƙunshi yana ɗauke da sautin milisakan 20, wato ƙunshi 50 ke nan a kowane sakan. RTP tana sa wa kowane ƙunshi lambar jeri da hatimin lokaci, domin wayar mai sauraro ta iya jera su daidai, ta kuma gane wanda ya ɓace. Tana da abokiyar tafiya, RTCP, wadda ke kai rahoton yawan asara da jinkiri, domin mai aikawa ya rage ko ya ƙara nauyin abin da yake turawa. Akwai kuma SRTP ta 2004, wadda ke kulle ƙunshin yadda wanda ya tare shi a hanya ba zai iya saurara ba.

Kowane ƙunshi yana da bayanan kai da suka kai bait 40 a tsohon tsarin adireshi: 20 na IP, 8 na UDP, 12 na RTP. Idan aka ninka da ƙunshi 50, za a ga bit 16,000 a sakan suna tafiya a kan adireshi da lambobi kawai. Idan muka ɗauka muryar kanta tana cin bit 24,000 a sakan, jimla ta zama 40,000, wato kimanin kilobait 300 a minti a kowane ɓangare. Wannan lissafi ya nuna dalilin da ya sa kiran intanet ke da arha, ya kuma nuna irin matsin da ake yi wa murya kafin ta shiga wannan ɗan ƙaramin wuri.

4.4 Matse Murya

Tsarin da ke matse sauti a wajen mai aikawa, ya warware shi a wajen mai karɓa, shi ake kira kodek. Kodek na farko na GSM yana aiki da bit 13,000 a sakan. AMR, wanda ya biyo baya, yana sauyawa tsakanin 4,750 da 12,200 gwargwadon ƙarfin sabis, kuma duka biyun ba su wuce iyakar tsohon tarho ba. AMR-WB ya faɗaɗa iyakar daga haz 50 zuwa 7,000. Opus kuwa, wanda aka amince da shi a 2012, yana iya aiki daga bit 6,000 har zuwa 510,000 a sakan, kuma shi ne ake amfani da shi a saƙon murya na WhatsApp da manhajojin taro da dama.

Irin waɗannan kodek ba hoton muryar suke aikawa ba. Suna ƙiyasta yadda tantanin maƙwallato ke kaɗawa, da yadda kogon baki ya tace sautin, sai su aika wannan ƙiyasi cikin 'yan lambobi. Wayar mai sauraro ce ke sake ƙera muryar daga ƙiyasin. Ashe ke nan abin da muke ji a waya kwaikwayo ne na murya, wanda aka tsara domin ya gamsar da kunne.

4.5 Jinkiri, Asara da Ciko

Hukumar sadarwa ta duniya, a shawararta mai lamba G.114, ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba daga baki zuwa kunne ba ya damun yawancin masu zance, amma wanda ya haura 400 ba abin karɓa ba ne. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya a cikin zaren gilashi, don haka nisan Legas zuwa Kano bai wuce milisakan 5 ko 6 ba. Mafi yawan jinkirin yana zuwa ne daga cunkoso, da raunin sabis tsakanin waya da eriya, da kuma zagaye. Da yake adireshin tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba, kamfanonin waya suna tara dubban masu hulɗa a bayan adireshi kaɗan, abin da ke sa wayoyi biyu su kasa samun juna kai-tsaye. Ƙa'idojin STUN da TURN da ICE su ke neman mafita, kuma idan ta gagara sai a bi ta wata kwamfuta mai shiga tsakani, wadda tana iya kasancewa a wata ƙasa.

Domin ƙunshi ba sa isowa a jere daidai, wayar mai sauraro tana da 'yar ma'ajiyar jira inda take tara su na ɗan lokaci. Idan ma'ajiyar ta kusa ƙarewa, manhajar takan ja sautin ya ƙara tsawo. Idan ta cika, takan gaggauta shi. Idan kuma ƙunshi ya ɓace ɗungum, sai ta ƙirƙiri ciko daga sautin da ya gabata. Bugu da ƙari, akwai matatun da ke rage hayaniya, da kashe amsa-kuwwa, da daidaita ƙarfin murya, da daina aikawa idan an yi shiru. Duk waɗannan alheri ne ga mai hira, amma kowannensu hannu ne da ya taɓa bayanan mai bincike.

5.0 Ƙa'idojin Kwararar Sauti da Hoto

Kwarara ita ce saurare ko kallon abu yayin da yake kan saukowa, ba tare da jiran ya gama ba. Ta bambanta da kira domin ɓangare ɗaya ne ke magana, don haka jinkirin sakan biyar ko goma ba ya ɓata kome. Ƙa'idar RTSP ta 1998 ita ce aka fara amfani da ita a wayoyin 3G, tana aiki kamar maɓallan rikoda: kunna, dakata, tsaya. A yau an fi ganinta a kyamarorin tsaro. Abin da ya maye gurbinta a waya shi ne HLS, wadda kamfanin Apple ya fito da ita a 2009, da MPEG-DASH ta 2012.

A waɗannan tsare-tsare ana yayyanka shiri zuwa gutsattsari na 'yan sakanni, a ajiye kowane gutsure a matakan inganci daban-daban. Waya tana sauko da su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar da ake buɗe shafukan intanet, tana auna ƙarfin sabis, tana zaɓar matakin da za ta iya. Tana kuma tara wasu a gaba, kamar yadda uwargida ke cika randa saboda ta san famfo yana kawowa yana ɗaukewa. Wannan ne ya sa hoto yakan dushe sannan ya washe, ya kuma sa mai kallon ƙwallo a waya yakan ji ihun maƙwabta masu rediyo kafin ya ga an ci.

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa muryar waya iri uku ce. A kira akwai matsi, da asara, da ciko. A saƙon murya akwai matsi, amma babu asarar ƙunshi, domin ana naɗa shi ne a waya sannan a tura shi ɗungurungum. A kwarara kuwa babu asara, amma sautin yakan sha matsi fiye da sau ɗaya, daga mai naɗa, zuwa mai tacewa, zuwa dandalin da aka ɗora shi.

6.0 Tasiri a Kan Nazarin Furuci

6.1 Karin Sauti

Hausa tana da karin sama (S), da karin ƙasa (Ƙ), da faɗau (F). Dubi waɗannan misalai:

(1) kuukaa (SS), zubar da hawaye. Kuukaa (SƘ), itaciya
(2) baabaa (SS), na rini; baaba (SƘ), uwa; baaba (ƘS), uba

Haka abin yake a Yarabanci mai matakan kari uku, da Ibo inda kalmar akwa ke nufin kuka, ko gado, ko ƙwai, ko tufa, gwargwadon karinta. Karin sauti ya dogara ne da yawan kaɗawar tantanin maƙwallato, wanda a wajen namiji baligi yakan kasance tsakanin haz 85 da 180, a wajen mace kuwa tsakanin 165 da 255. Duk waɗannan suna ƙasa da haz 300, inda tsohon tarho ya yanke. To, yaya aka yi Bahaushe ke bambance kuka da kuka a waya? Amsar ita ce, muryar da ke kaɗawa sau 120 a sakan tana ɗauke da ninki-ninkinta, wato 240 da 360 da 480 da sauransu, kuma ƙwaƙwalwa tana gano tushen daga tazarar da ke tsakanin waɗanda suka tsira. Ƙari a kan haka, kodek na magana suna bibiyar wannan kaɗawa da gangan. Saboda haka karin sauti yana cikin abubuwan da suka fi jure wa waya.

6.2 Tsawon Wasali

A nan ne haɗarin ya fi girma. Dubi waɗannan:

(3) garii (ƘS), birni. Gaarii (ƘS), na tuwo
(4) dafaa (SƘ), girki. Daafaa (SƘ), ɗora hannu
(5) yaa zoo, shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya. Ya zoo, shuɗaɗɗen lokaci na biyu

Bambancin da ke tsakanin kowane biyu tsawo ne kawai, wanda ake aunawa da gomomin milisakan. Mun riga mun ga cewa ƙunshi ɗaya milisakan 20 ne, kuma ma'ajiyar jira tana ja tana gaggautawa. Idan ƙunshi biyu suka ɓace bayan gajeren wasali, aka cike gurbinsu da maimaicin wasalin, to an ƙara masa milisakan 40 da mai magana bai furta ba, an kuma cinye wani sashe na baƙin da ke biye. Mai sauraro yakan gyara wannan daga muhallin zance, amma manhajar awo ba ta san muhalli ba. Duk ɗalibin da ya kwatanta tsawon wasali a karin harshen Sakkwato da na Kano daga kiran waya, yana iya danganta wa karin harshe abin da raunin sabis ne ya haifar.

6.3 Siffar Wasali da Baƙaƙe

Ana bambance wasula da tuddan ƙarfin sauti da ake kira fomant. Fomant na farko na wasulan sama, wato /i/ da /u/, yana kusa da haz 300, daidai bakin iyakar tarho. Hermann Künzel ya nuna a 2001 cewa layin tarho yana sa awon wannan fomant ya hau sama da yadda yake a zahiri. A ɗaya gefen kuma, mafi yawan ƙarfin zuzau /s/ yana sama da haz 4,000, inda tarho ba ya kaiwa, don haka bambancinsa da /f/ yakan raunana.

Hausa kuma tana da haɗiyau /ɓ/ da /ɗ/, da tunzurau /ƙ/ da /ts/, waɗanda ke bambanta ma'ana:

(6) bari, ɓari, da, ɗa, kafa, ƙafa, sara, tsara

Alamomin waɗannan baƙaƙe sun haɗa da fashewa mai gajeren zango, da ziza mai rauni a lokacin toshewar iska, da yanayin maƙwallato a farkon wasalin da ke biye. Irin waɗannan alamomi su ne matatar hayaniya ke iya ɗauka a matsayin datti, su ne kuma kodek ke iya shafewa idan sabis ya raunana. A 2021, Chelsea Sanker da abokan aikinta sun buga wani bincike a mujallar Language, inda suka nuna cewa na'urar naɗa da manhajar da aka bi suna sauya sakamakon awon furuci, kuma sauyin ba iri ɗaya ba ne daga wannan manhaja zuwa waccan.

6.4 Nazarin Zance

Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009 a kan harsuna goma ya nuna cewa matsakaicin tazara tsakanin tambaya da amsa kusan milisakan 200 ne. Jinkirin kira shi kaɗai yana iya kai wannan adadi. Gaisuwar Hausa kuwa ana yin ta ne da saurin musaya, har maganar ɗaya kan hau ta ɗaya, kuma matatar amsa-kuwwa takan danne murya ɗaya idan biyu suka haɗu, musamman in an buɗe lasifika. Saboda haka shirun da aka ji a kira ba lalle ne ya zama alamar kunya, ko girmamawa, ko jinkirin tunani ba.

7.0 Shawarwari

Na farko, ga nazarin ginin jimla, da ma'ana, da tattara kalmomi, da adabin baka, kira da saƙon murya sun wadatar, muddin mai bincike ya tabbatar da abin da ya ji. Na biyu, ga awon furuci, a yi amfani da kira wajen jagorantar hira kawai, amma a naɗa muryar a can wurin mai magana, da wata waya ko rikoda, a tsarin WAV mai awo 44,100 a sakan da bit 16. Minti ɗaya na irin wannan yana cin kimanin megabait 5.3. Na uku, a turo shi a matsayin fayil, ba a matsayin saƙon murya ba, domin kada a sake matse shi kafin ya shiga manhajar awo irin su Praat. Na huɗu, kada a gwama bayanan da aka naɗa ta hanyoyi daban-daban a kwatance ɗaya. Na biyar, wajibi ne a bayyana na'ura da manhaja da hanyar turawa a babin hanyoyin bincike, kuma masu duba kundaye su riƙa tambayar wannan. Na shida, a nemi yardar mai magana kafin a naɗa, domin kullewar da manhaja ke yi wa kira ba ta kare muryar da aka riga aka ajiye a waya.

8.0 Batun Keɓaɓɓun Kalmomi

Masu harshe sun riga masana aiki a wannan fage. Kalmomi irin su data, da sabis, da kati, da caji, da filashin sun zauna a bakin jama'a, sun kuma bi tsarin sautin Hausa, don haka babu hikima a yaƙe su. Inda giɓi yake shi ne a kalmomin cikin fanni. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share fage a fannin harshe da adabi, amma an tsara shi ne kafin zuwan wannan fasaha. A cikin wannan maƙala an gwada amfani da ƙa'idar sadarwa, da ƙunshi, da ma'ajiyar jira, da ciko, da kwarara, aka kuma ari kodek da fomant da haz. Ana gabatar da su ne domin masana su tattauna, su gyara, su daidaita, kafin kowace jami'a ta ƙirƙiri nata.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake mayar da murya lambobi, a matse ta, a daddatsa ta, a tura ta bisa ƙa'idojin IP da UDP da SIP da RTP, da kuma yadda kwarara ta bambanta da kira. An nuna cewa an gina waɗannan ƙa'idoji ne domin a fahimci juna cikin sauri da arha, ba domin adana furuci yadda yake ba. Karin sauti yana tsira sosai, amma tsawon wasali, da siffar wasulan sama, da zuzau, da baƙaƙen maƙwallato, da tazarar zance duk suna iya sauyawa a hanya. Wayar salula ta kusantar da manazarci ga masu harshe ko da yana nesa da gida, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Abin da ya rage gare shi shi ne ya san hanyar da bayanansa suka biyo, ya kuma faɗe ta a fili, domin abin da aka rubuta yau a kan furucin Hausa shi ne na baya za su ɗauka a matsayin hujja.